Gilashin Ƙara Girma na Kyamarar Waya a Gaban Gizo-gizon Lambu

Ƙaramin gilashin nan da ake maƙalawa a kan kyamarar waya domin ya ƙara girman ƙananan abubuwa yana da amfani ga mai son kallon halittu, kuma da wuya a sami abin gwada shi da ya fi gizo-gizon lambu mai saƙar da'ira, wanda masana ke kira Araneus diadematus, domin yakan zauna a tsakiyar saƙarsa, kansa yana kallon ƙasa, ya daɗe bai motsa ba.

A kan jikin gizo-gizon ne gilashin ya fi burge ni. Fararen ɗigon da ke bayansa, waɗanda suka jeru kamar alamar gicciye, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, haka ma gashi da ƙayoyin da ke ƙafafunsa masu ratsin duhu da haske. Idan hannu bai yi rawa ba, har idanunsa takwas ana iya hangowa, duk da cewa ganinsa ba shi da ƙarfi. Da girgizar zare yake sanin cewa ƙwaro ya faɗa tarko. Tamatar, wadda takan kai kusan milimita 20, ta fi namijin girma, saboda haka ta fi sauƙin ɗauka.

Matsalar ita ce dole sai an matso da wayar dab da shi kafin hoto ya fito sarai. Da zarar gefen gilashin ya taɓa zare ɗaya, sai gizo-gizon ya jijjiga saƙarsa da ƙarfi, ko ya sako kansa ƙasa a kan zare ya ɓuya. Haka kuma ɗan wuri kaɗan ne ke fitowa tas, sauran ya dushe, ga shi iska kaɗan ta isa ta ɓata hoton.

Wanda yake son ganin saƙar baki ɗayanta, yadda zaruruwa marasa danƙo suka fita daga tsakiya, mai danƙon kuma ya kewaye su, ko yadda yake cinye tsohuwar saƙa ya ɗaura sabuwa, gara ya cire gilashin ya yi amfani da kyamarar kaɗai. Amma don ganin ɗigon danƙon da ke kan zaren, ko yadda yake naɗe ƙuda, gilashin ya cancanci a saya, musamman idan za a yi aiki da shi da sassafe kafin iska ta taso.