Man hano da na siya a Islamic kemis: ƙamshi kam akwai, maganar cutar kansa ce ban yarda ba

Kwalbar 'yar ƙarama ce, mil 10, mai duhu, bakinta irin mai sakin ɗigo ɗigo ɗin nan. A jiki an rubuta man hano zalla, daga ƙasa kuma an jero cututtuka, basir, ulsa, sanyi, ciwon gaɓoɓi, sai na ƙarshe da manyan baƙi wai yana kashe ƙwayoyin cutar kansa. Kuɗinsa ma ba wasa ba in ka duba ƙanƙantar kwalbar.

Ta fannin ƙamshi ba ni da ƙorafi wallahi. Duk wanda ya taso inda ake kona ƙaron hano ko lubban zai gane shi nan take, ɗigo biyu a ruwan ɗumi ɗaki ya ɗauka har dare. Yaron shagon ma yana da kirki, shi ya ce min kar a shafa shi tsurarsa sai an haɗa da man kwakwa ko zaitun, kuma gaskiyarsa ne don tsurarsa yana sa fata ta yi ja tana raɗaɗi. Na haɗa ina murza wa Hajiyarmu a gwiwa ta ce tana jin daɗinsa, ko man ne ko murzar ce oho.

To amma kansa fa? Na ce masa Malam wannan rubutun ina hujjarsa, sai ya ciro waya ya nuna min wai Turawa sun yi bincike. Eh ana yi, ba ƙarya ya yi ba, sai dai akasarin irin binciken nan a lab ake yinsa, a zuba man kan ƙwayoyin kansa da aka raina a ɗan faranti ko a gwada a ɓera, kuma abin da ya kashe ƙwaya a faranti ba shi ke nufin zai bi jinin mutum ya je ya samu ƙari a mama ko hanta ya cinye shi ba tare da ya yi wa mutumin illa ba. Sannan sinadarin da ake ta yayatawa a dangin hano, boswellic acid, yana da nauyi, in an tatsi man da tururi ba ya tashi ya biyo, a dusar yake zama. Abin da ya fi yawa a irin wannan man su alpha-pinene ne, masu ba da ƙamshin. Yawancin binciken ma kan lubban na Indiya da Oman aka yi, ba hanonmu na dajin Arewa ba.

Ba wai raina itatuwa nake ba. Vincristine da ake ba yara masu kansar jini daga wata fulawa ta Madagaska aka samo shi, Taxol kuma, wani maganin kansar, daga ɓawon wata bishiya a Amurka, an gano shi tun shekarun 1960 amma sai 1992 aka amince a fara ba marasa lafiya. Shekara kusan talatin ana gwaji kafin a san awon da za a ba mutum, mu kuma an liƙa takarda a kwalba an gama.

Abin da ke tsorata ni shi ne mace ta ji ƙullutu a nono ta karanta wannan rubutun ta zauna tana shafa mai wata da watanni maimakon ta je asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika a duba ta tun abin bai yi nisa ba. Shan sa kuma kar ma a fara, balle wanda ke kan kemo, wato maganin kansa na asibiti, bai tambayi likitansa ba.

Na juya kwalbar ko ina babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, babu adireshin wanda ya haɗa. Tauraro uku na ba shi cikin biyar, na ƙamshi da mutuncin yaron shagon. In ya ƙare ƙaron zan koma siya a Kurmi, ya fi araha nesa ba kusa ba.