Galon hafsa da shekarun da ake biya a kansa

Ƙanena sarjan ne. Da ya zo hutu bara, muna zaune a fada a Zango ana jiran shayi na biyu, sai ya ce: "Yaya, ina so in yi konkur na hafsoshi." Wato jarrabawar shiga makarantar hafsoshi. Ƴan fada suka hau yi masa barka tun bai rubuta takardar neman ba. Ni kuwa na tambaye shi shekara nawa za su riƙe shi bayan an liƙa masa galon. Ya yi shiru yana juya kofi a hannu. Ya san albashin ƙaramin laftana har dala, amma bai san wannan ba.

Duk rundunar da ta kashe kuɗi ta horar da mutum, da shekaru take karɓar abinta. Amurka ta rubuta nata ƙarara. Sojan ƙasa da ya bi makarantar OCS mai mai da soja hafsa, wadda horonta mako 12 ne, zai yi shekara 3 yana aiki a matsayin hafsa kafin ya yi zancen tafiya. Wanda ya fito daga babbar makarantar soja ta West Point bayan karatun shekara 4, shekara 5 ke kansa. Akwai kuma wani ƙulli: ana samun ritaya a shekara 20 na aiki, amma a ƙa'ida sai 10 daga ciki sun kasance na hafsa kafin a sallami mutum da muƙamin hafsa. Sojan da ya yi shekara 14 kafin ya zama laftana, ashe ba 6 suka rage masa ba, 10 ne, in yana son fanshon da ya yi wahalar dominsa. Dokar Amurka ce wannan, a can take aiki, amma irin lissafin da ya kamata sojanmu ya zauna ya yi ke nan da dokar gida.

Namu tsarin na Nijar daga Faransa muka gaje shi. Makarantar hafsoshi tana Yamai, ta masu galon sarjan, ENSOA, tana Agadas. Wanda ya riga ya sa kaki yana da hanya uku.

Ta farko ita ce konkur na cikin gida, inda sarjan mai takardar bak ta gama sakandare da sauran ƙuruciya zai gwada sa'arsa. A ganina ita ce hajar da ta fi daraja, ita ce kuma ta fi tsada. Darajarta a fili take: mutum zai fito hafsa da shekaru masu yawa a gabansa, don haka kyaftin, kumandan, har kanar, duk ba mafarki ba ne. Seyni Kountché ta irin wannan ƙofa ya shiga. Ya fara a ƙasa cikin rundunar Faransa, ya je makarantar hafsoshi ta Fréjus a ƙarshen shekarun 1950, ya zama shugaban hafsoshin Nijar kafin ya karɓi mulki a 1974. Tsadar kuwa, tun ranar shiga take farawa. Mutumin da jiya yake tsawata wa kurata ashirin zai koma ɗalibi, a aske masa kai, a sa shi gudu da asuba tare da yaran da suka fito daga jami'a ko daga Prytanée, makarantar sakandare ta soja, waɗanda ba su taɓa kwana a daji ba. Iyalinsa suna Damagaram, shi yana Yamai, tsakani kusan kilomita 900. Matar da ta saba da albashi da ɗan abin da ake samu a fagen daga za ta koyi tsimi. Kuma da ya fito, agogo sabo ake ɗaura masa. Shekarun da ya yi a baya suna nan a lissafin fansho, amma ba su ne ke biyan bashin makaranta ba.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Ƙaramin soja da kwantiragi yake aiki, in wa'adi ya cika ya sabunta ko ya ce a kai kasuwa. Hafsa ba haka ba ne. Aiki ne na rayuwa, kuma takardar murabus roƙo ce, sai hukuma ta amince. A lokacin da ake fafatawa a Diffa tun harin Bosso na Fabrairun 2015, ga kuma Tillaberi, kowa zai iya ƙiyasta yadda ake kallon laftanan da ya ce ya gaji. A 2020 gwamnatin lokacin ta ce za ta ninka sojoji daga 25,000 zuwa 50,000. Yawan kurata na nufin ana buƙatar masu jan su, wato ƙofa ta ƙara buɗewa ga mai shiga, ta ƙara ƙuntata ga mai fita.

Ta biyu ita ce haƙuri: a hau sarjan-shef, ajidan, ajidan-shef, sannan a samu galon hafsa ta hanyar daɗewa da shaidar manya. Ba takardar jami'a ake dubawa ba, aiki ne. Irin waɗannan hafsoshi su ne sojoji ke kira baba, don sun san kowane ƙusa na bariki. Sai dai galon yana zuwa da furfura. Kowane muƙami yana da shekarun da in an kai sai ritaya, don haka mai wannan hanya galibi a laftana ko kyaftin yake tsayawa. Ribarta ita ce muƙamin hafsa yana ɗan ƙara wa mutum wa'adin aiki, fansho ma ya ɗaga. Wanda ke da yara a makaranta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kuma ya riga ya sayi fili a hanyar Mirriya yana ƙirga ranar da zai koma noma da kiwo, to ya sani an ɗaga masa ranar.

Ta uku, wadda ba a cika faɗa ba don ba ta da armashi a fada, ita ce zama inda ake. Ajidan-shef nagari ya fi sabon laftana faɗa a ji a cikin kampani, kuma ba shi ke sa hannu a rahoton mota da ta ƙone ko bindiga da ta ɓace ba.

Masu lisans ko takardar likita suna da wata ƙaramar ƙofa ta ƙwararru mai gajeren horo. Haka ma kwas a ƙasar waje, wanda kowa ke so. Kowane kwas da nasa sharaɗin, kuma abin tambaya shi ne: shekarunsa tare suke tafiya da na baya, ko ɗorawa ake yi? Uku da biyar in tare suke, biyar ne. In ɗori ne, takwas.

Abin da na sa ƙanena ya yi ke nan kafin hutunsa ya ƙare. Na ce ya je ofishin ma'aikata na Zone 3, shiyyar soja ta Damagaram, ya nemi a nuna masa a rubuce, ba a baki ba: shekara nawa ne wajibi bayan fita, daga wace rana ake fara ƙirga su, me zai faru da wanda ya faɗi ko ya ji rauni a tsakiyar horo, zai koma galonsa na da ko kuwa, kuma wanda ya nemi tafiya kafin lokaci za a ce ya biya kuɗin karatu? Sannan ya ɗauki shekarunsa na haihuwa ya haɗa. Shi yana da 27, mace ɗaya, ɗa ɗaya, don haka na ce masa konkur ya dace da shi. Da 38 yake da ƴaƴa shida, da na ce ya jira ajidan.

Inna kuwa tambaya ɗaya ta yi da aka kai mata zancen: "In ya zama hafsan, nan za su bar mini shi?" Ya ce, "Inna, sai inda aka tura ni, ko Dirku ne." Ta ce to ya bari sai bayan Babbar Sallah ya kai takardun.