Tura kuɗi gida daga Garwa, Marwa da Kusiri: ɗan canji ko kamfani?

Baƙon da ke neman abinci a arewacin Kamaru, ko mai shago ne a babbar kasuwar Garwa, ko mai gyaran babur a Marwa, ko direban da ke jigila tsakanin Kusiri da Injamena, matsalarsa ɗaya ce idan wata ya ƙare: sefa yake samu, iyalinsa kuma naira suke kashewa a Yola, Mubi, Maiduguri ko Kano. Hanyoyi huɗu ne a gabansa. Akwai ɗan canji, akwai asusun waya irin Orange Money da MTN MoMo, akwai ofisoshin aika kuɗi irin Express Union da Western Union, sai kuma ba wa direba ko ɗan'uwa mai tafiya. Hukuncina tun daga farko shi ne, ga mai tura wa Najeriya kuɗin cefane da kuɗin makaranta, ɗan canji mai shago tsayayye ya fi sauran sauri, kuma sau da yawa ya fi su farashi. Amma shi ne kuma hanyar da ba ta da wurin kai ƙara, saboda haka sai da sharuɗɗa.

Kafin a auna kowace hanya, dole mutum ya san farashin gaskiya na ranar, kuma lissafinsa ba wuya. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Ma'ana jaka ɗaya, wato sefa 1,000, daidai take da yuro 1.52. Ka duba nawa ake sayar da yuro a naira yau, ka ninka da 1.52, ka samu abin da jaka ya kamata ta ba ka. A ce yuro yana naira 1,700, to jaka ta kama kusan naira 2,590. Duk wanda ya ba ka ƙasa da haka, bambancin shi ne ladansa, ko ya kira shi caji ko bai kira ba. Tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, farashin yana iya canzawa tsakanin safe da la'asar, don haka na jiya ba ya aiki yau.

Aikin ɗan canji a sauƙaƙe yake. Ka ƙirga masa sefa a hannu, ko ka tura masa ta waya, shi kuma ya tura naira daga asusunsa na Najeriya, ko ya sa abokin hulɗarsa na Mubi ko na kasuwar canji ta Wapa a Kano ya tura. Kuɗin ba sa ketare iyaka ko kaɗan. Su biyun suna daidaita bashinsu daga baya da kaya ko da wani canjin. Shi ya sa alat ke shiga cikin 'yan mintuna, har ranar Lahadi da bankuna ke rufe. Ba a cika takarda, ba a tambayarka katin zama, kuma da Hausa ko Fillanci za ku yi ciniki. Ga wanda bai iya Faransanci ba, wannan kaɗai babban abu ne.

Yawancinsu za su ce maka ba sa cajin komai, kuma gaskiya ne ba sa karɓar wani kuɗi daban, ribarsu tana cikin farashi. Idan wani ya ba ka 2,600 a jaka, wani 2,550, naira hamsin ɗin nan ba ta da yawa a ido, amma a jaka ɗari naira 5,000 ce. Tambayar da ta dace ita ce: "Alhaji, idan na ba ka jaka ɗari yanzu, nawa cif za su shiga asusun?" Ya faɗi adadi, ka sa ya rubuta maka a takarda ko a WhatsApp. Tambayi mutum biyu ko uku kafin ka miƙa. Mai kawo kuɗi da yawa yana da bakin neman ƙari, kuma akan ƙara masa.

Abin da ya fi ɓata wannan hanya shi ne gaggawar mai turawa. Ana nuna masa hoton rasit a fuskar waya, sai ya tashi ya tafi. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Akwai na bogi da ake haɗawa, akwai kuma na gaskiya wanda kuɗin ya fita daga asusun mai turawa amma ya maƙale a hanya saboda matsalar sadarwa tsakanin bankuna, ya koma bayan kwana ɗaya ko fiye. Kada ka bar bencin ɗan canji sai wanda ke gida ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki, ba saƙon tes kawai ba. Ɗan canjin kirki ba ya jin haushin wannan, shi da kansa zai ce ka kira gida. Wanda ya fara cewa "je ka kawai, za su shiga," wannan ka riƙe sefarka tukuna.

Lambar asusun Najeriya lambobi goma ce, kuma kafin a tura sunan mai asusun yana fitowa. Ka sa a karanta maka sunan da baki, ka ji shi da kunnenka. Sannan ka san irin asusun da ake turawa. Iyaye mata da yawa a gida suna da OPay, PalmPay ko Moniepoint da aka buɗe musu a matakin farko, wanda ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma abin da ke iya motsi a cikinsa a rana kaɗan ne. Ka tura abin da ya wuce haka, kuɗin su tsaya ko su koma, tsohuwa tana can tana jira a gaban mai POS. Maganinsa a ɗaga matakin asusun da BVN da NIN tun kafin buƙata ta taso. A lissafa har da abin da mai POS zai cire, domin shi ma daga kuɗin cefanen yake fita.

Akwai haɗari ɗaya da ba a cika faɗa ba, kuma ni a ganina ya fi duk sauran nauyi. Wani lokaci naira ba daga asusun ɗan canjin take fitowa ba, daga asusun wani mutum ne can daban da ba ka sani ba. Idan kuɗin nan suna da alaƙa da damfara aka kai ƙara, banki yana iya toshe duk asusun da suka shiga, har da na matarka ko mahaifinka da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Buɗe irin wannan asusu yana cin makonni da zirga-zirga. Saboda haka ka zaɓi wanda kullum daga asusu ɗaya ko biyu sanannu yake turawa, mai shago da aka san shi da shi shekara da shekaru, wanda shugabannin 'yan kasuwarku za su iya zaunar da shi idan magana ta taso. Dokar canji ta ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu kashe sefa, har da Kamaru da Cadi, ta ce sai mai lasisi zai yi sana'ar canji, kuma da yawa daga masu zama bakin kasuwa ba su da shi. Idan kuɗinka suka salwanta a hannun irin wannan, mutuncinsa da idon jama'a ne kawai jinginarka.

Orange Money da MTN MoMo kuwa, a cikin Kamaru ba su da na biyu. Ana shiga na Orange da #150#, na MTN da *126#, ko da ƙaramar waya marar intanet. Mai shago a Marwa zai biya dilansa na Duwala yana zaune, zai biya kuɗin wuta, zai ajiye cinikin yini ba tare da ya kwana da shi a ƙarƙashin katifa ba. Tun Janairun 2022 gwamnati na karɓar harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da kuma cirewa, wato sefa 200 a kowace jaka ɗari, ban da cajin kamfanin, wanda ya fi nauyi a wajen cirewa. Idan ta waya za ka biya ɗan canji, ku yi magana tun farko a kan wa zai ɗauki kuɗin cirewa, don nan ne ake yawan samun saɓani. Kuma kada sunan MTN ya ruɗe ka: asusun MoMo na Kamaru daban, na Najeriya daban, kowanne da babban bankin da ke sa masa ido.

Inda baƙi suka fi cutuwa a nan shi ne rajistar layi. Wanda takardunsa ba su cika ba yakan roƙi maƙwabci ko yaron shago ya yi masa rajista da katinsa. Ranar da waya ta ɓace, ko aka manta lambar sirri, ko aka rufe layin, kamfani mai katin kawai ya sani. Idan ya yi tafiya, ko kun ɓata, ko ya rasu, kuɗin da ke ciki sun shiga wani hali. Ka yi rajista da fasfonka ko katin zamanka, ko da zai ci maka yini guda a ofis. Haka kuma layinka na Najeriya, ka riƙa sa masa kati kana kira da shi lokaci-lokaci, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana rufe shi a sayar wa wani, alhali ta nan bankinka ke turo lambar tabbatarwa.

Masu rumfar cire kuɗi ba kullum suke da tsabar kuɗi mai yawa ba, musamman ƙarshen wata da jajibirin Sallah, sai ka raba cirewa rumfa biyu ko uku, kowace da cajinta. Da bazara kuma, idan ruwan madatsar Lagdo, mai ba arewacin Kamaru wutar lantarki, ya ja baya wuta ta fara yawan ɗaukewa, sadarwa ma takan yi rauni. Mai son tura kuɗin Sallah ya yi da kwana uku ko huɗu a hannu. Duk wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, duba abin da ke asusunka da kanka, kuma lambar sirri ba a faɗa wa kowa.

Ofisoshin aika kuɗi su ne masu rasit na gaske da wurin kai ƙorafi. Express Union, wanda aka kafa a Kamaru a 1997, yana da rassa har ƙananan garuruwa da kuma Cadi, kuma ya dace da wanda zai aika wa mutumin da ba shi da asusun waya. Western Union da MoneyGram suna kaiwa Najeriya, sai dai tun farkon 2024 da naira kawai ake biyan mai karɓa, kuma abin da ya wuce kimanin dala 200 ta Amurka sai ta asusun banki. Ka kwatanta farashinsu da lissafin yuron nan, ka haɗa da caji, sannan ka yanke. Abin da ke hana biya a nan kusan kullum rubutun suna ne. Ma'aikaci ya saba da rubutun Faransanci, sai ya rubuta Ousmanou ko Aboubakar, katin mai karɓa kuma Usman ko Abubakar ne a jiki, banki ya ƙi biya. Ka zo da hoton katin mai karɓa a wayarka, a kwafa harafi da harafi, ka duba takardar kafin ka sa hannu. Lambar karɓa ta Western Union lambobi goma ce, mai karɓa kaɗai za ka ba. Ga kuɗi masu nauyi, irin na sayen fili ko na aikin asibiti, wannan hanya nake ba da shawara ko da ta ɗan fi tsada, saboda takardar da za ta rage a hannunka.

'Yan Nijar lissafinsu daban ne. Sefar Afirka ta Tsakiya (ta bankin BEAC) da ake kashewa a Kamaru da Cadi da sefar Afirka ta Yamma (ta bankin BCEAO) da ake kashewa a Nijar darajarsu ɗaya a hukumance, amma takardar wannan ba ta sayen komai a kasuwar waccan. Idan ka kai takardun Kamaru Zinder ko Diffa, ɗan canji zai rage maka wani abu a kowace jaka. Ta ofis kuwa ba asarar canji, caji kawai za ka biya.

Ba wa direba ko matafiyi kuɗi a hannu ita ce hanyar da na fi ƙi. Hanyoyin garuruwan bakin iyaka, Banki da Amchide, da Gamboru da Fotokol, sun sha fama da rashin tsaro, shingayen bincike kuma ba su da iyaka. Ko ba ɓarawo, doka ta ce a bayyana wa kwastan duk tsabar kuɗin da ta wuce sefa miliyan 5 a bakin iyaka. Sai dai ga ƙauyen da ba banki ba POS, inda ba yadda za a yi.

Wanda ya haye gadar Ngeli daga Kusiri ya shiga Injamena zai tarar sefar ɗaya ce, amma kamfanonin waya Airtel ne da Moov. Tsarin GIMACPAY da aka ƙaddamar a 2020 ya ba da damar tura kuɗi tsakanin asusun waya na ƙasashen yankin. Ka fara gwadawa da jaka ɗaya ko biyu ka ga sun isa da abin da aka cire, kafin ka tura mai yawa. A kasuwar Cadi kuma da riyal ake ƙirga, riyal ɗaya sefa biyar, kamar yadda muke ce wa sefa biyar dala. Idan ɗan canji ya ce "alif," sefa 5,000 yake nufi, ba jaka ɗaya ba. Ku rubuta adadin da lambobi a fuskar waya, kowa ya gani ya amince, sannan a fara ƙirga.