Metro, Didi ko motar kaya: da me za ka yi zirga-zirga a Guangzhou?

Ƙanena na Kantin Kwari ya samu bizar Chaina, tafiyarsa ta farko, sai ya kira ni da daddare: "Yaya, nawa zan ware na kuɗin mota a Gwanzu?" Na ce masa ya fara gaya mini abu biyu tukuna, me zai riƙa riƙewa a hannu, kuma da ƙarfe nawa zai riƙa fita. A Guangzhou waɗannan biyun su ke zaɓa wa mutum abin hawa. Mai yawon duba samfur da 'yar jaka a kafaɗa daban, wanda ya riga ya sayi katan goma na takalma daban. Abin da na farkon zai kashe a mako guda, na biyun sai ya ƙarar da shi a tafiya ɗaya.

Gari ne mai mutum sama da miliyan 18 a ƙidayar 2020, kuma babu ɗan acaɓa. Tun Janairun 2007 aka hana babura shiga cikin birnin, shekara shida kafin Kano ta hana nata. A Daidaita Sahu ma babu wanda za ka ɗaga wa hannu. Sai dai kekuna masu batir da masu kai abinci ke sheƙa gudu da su har a kan hanyar masu tafiya a ƙafa, ba sa ƙara, sai ka ji iska ta shafe ka. Ka riƙa waiwaye.

Kafin maganar abin hawa akwai maganar biya, don a nan yawancinmu ke fara tuntuɓe. Mutanen garin da waya suke biyan komai, ko Alipay ko WeChat. Tun 2023 dukansu biyu suna karɓar katin Visa ko Mastercard na ƙasar waje, ka shigar da fasfonka, ka haɗa katin, shi ke nan. Cinikin da bai wuce yuan 200 ba babu caji, wanda ya wuce sukan cire kashi 3 cikin ɗari. Kuɗin mota kusan duk a ƙasa da 200 yake, don haka wannan bai shafe ka sosai ba. Ka haɗa shi tun kana gida, da lambar wayar da za ta karɓi saƙo, kuma ka gwada katin, don katin naira yakan yi gardama a inda na dala ke wucewa salin alin. Takardar kuɗi har yanzu tana aiki, amma ka riƙe ƙanana, direba da yawa ba shi da canjin 100. Idan ka ji suna cewa "kwai" a wajen ciniki, ba na kaza suke nufi ba, sunan yuan ne a bakin 'yan kasuwa.

Metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi ne ƙashin bayan garin, kuma shi nake ba duk wanda hannunsa babu nauyi shawarar ya riƙe. Layinsa na farko ya fara aiki a 1997, yanzu ya ratsa ko'ina har ya fita zuwa Foshan. Kuɗinsa da nisa ake lissafawa: yuan 2 a kilomita huɗun farko, daga nan ana ƙara yuan 1 duk kilomita huɗu har zuwa 12, sannan duk kilomita shida har zuwa 24, bayan nan duk takwas. A aikace yawancin zirga-zirgar ɗan kasuwa tsakanin 2 da 5 take tsayawa.

Lambobin da ya kamata ka haddace ba su da yawa. Xiaobei, inda ginin Tianxiu yake da gidajen abincin halal da 'yan uwanmu na Mali da Gini da Nijar, tana kan Layi na 5. Sanyuanli, wajen jakunkuna da kayan fata, tana kan Layi na 2. Layukan biyu sun haɗu a tashar Guangzhou Railway Station, wadda kasuwar tufafi ta Baima ke kusa da ita, kuma tsakaninta da Xiaobei tasha ɗaya ce tak. Kasuwar yadi ta Zhongda da filin baje kolin Canton Fair duk suna kan Layi na 8. Na baje kolin ka sauka a Xingangdong ko Pazhou. Daga Xiaobei ka hau na 5 zuwa Zhujiang New Town, ka koma na 3 zuwa Kecun, ka kama na 8. Na rubuta sunayen yadda suke a allo ne, don da su za ka nemi hanya. Ana rubuta su da boko a kowace tasha, ana kuma shelanta su da Turanci bayan harsunan gida biyu.

Daga filin jirgin sama na Baiyun ma metro yana nan. Layi na 3 za ka hau, ka sauka a Jiahewanggang ka koma na 2. Idan Sanyuanli ce masaukinka ka iso, idan Xiaobei ce ka ƙara gaba ka canja zuwa na 5. Kimanin yuan 7 ne duka. Tasi kuwa a wannan tafiyar sai ta haura 100. Amma fa wannan lissafin na mai akwati ɗaya ne da ya sauka da rana. Metro yakan rufe tsakanin ƙarfe 11 da 12 na dare gwargwadon layi, sai wajen 6 na safe. Wanda Ethiopian ko EgyptAir ya sauke bayan wahalar Addis Ababa ko Alƙahira, da akwati biyu da jakar kilishi da yaji, ba zan ce ya sha wahalar canja layi biyu don ya tsira da kuɗin da bai kai ribar atamfa ɗaya ba.

Aibin metro biyu ne, cunkoso da kaya. Daga wajen 7:30 zuwa 9 na safe, da kuma 5:30 zuwa 7 na yamma, Layi na 3 ba wurin mai babbar riga ba ne. Tashar Tiyu Xilu ta yi suna a duk Chaina wajen turereniya, har da shingen ƙarfe ake tsara mutane kamar masu jiran tantancewa a sansanin alhazai. Na kaya kuma, kowace jaka sai ta bi ta na'urar bincike, kuma ba a yarda mutum ya wuce da abin da ya haura kilo 30 ba, ko mai girman da zai tare hanya. Ni kaina na taɓa jan wani ƙunshin mayafai daga kasuwa, na sauko da shi matakala ina gumi, wata yarinya mai kaki ta dube shi, ta dube ni, ta girgiza kai tana nuna mini hanyar da na fito. Ko gardama ba a yi ba, don ba mu da yaren yin ta. Haurawa da shi ya fi saukowa wuya.

Tikiti kuma iri-iri ne. Akwai ɗan kwabon roba da ake saya a na'ura don tafiya ɗaya, ka taɓa shi a ƙofar shiga, ka jefa shi a ta fita. Akwai na yini guda yuan 20, da na kwana uku yuan 50, ka hau iya son ranka. Akwai katin Yang Cheng Tong da ake samu a shagunan 7-Eleven, yana aiki a metro da bas. Akwai kuma lambar da Alipay ke fitarwa a waya. Na yini guda bai cika biyan kansa ba, sai ka hau sau biyar ko shida, kuma ɗan kasuwar da ya shiga Zhongda da safe ba ya fitowa sai la'asar. Mai zaman mako biyu ko fiye ya san wannan: tun Satumbar 2023, idan kuɗin metro da bas da ka kashe a wata ɗaya ya kai yuan 80, abin da ya biyo baya ana rage maka kashi 20 cikin ɗari, idan ya wuce 200 sai ya koma rabi. Sai ka riƙe hanyar biya ɗaya don lissafin ya taru wuri guda. Ni na fi son katin, saboda ranar da cajin waya ya ƙare a ƙarƙashin ƙasa za ka gane dalili.

Bas yuan 2 ne galibi, yawancinsu masu batir ne, akwai kuma na musamman da ke da titinsa shi kaɗai a Zhongshan Dadao tun 2010. Araha ce, amma sunayen matsaya da rubutun Chaina suke, kuma ba ya bi ta kasuwanninmu fiye da metro. Sabon zuwa ya bar shi sai tafiya ta biyu.

Tasi da Didi, wato manhajar kiran mota ta waya, su ne ake yawan tambayata a kai. Tasin gari mita take bi, yuan 12 a kilomita ukun farko, sannan 2.6 kowace kilomita, da ƙari idan dare ya yi ko tafiya ta yi nisa. Matsalarta baki. Direba ba ya jin Turanci, kai ba ka jin nasa, kuma yadda muke furta Xiaobei ba ya kama da yadda suke furtawa. Didi ta raba wannan gardamar. Tana cikin Alipay da WeChat, tana da Turanci, ka sa inda za ka, ta nuna maka kuɗi tun kafin ka shiga, ta nuna lambar mota, saƙon da ka rubuta wa direba ta fassara masa. Idan ka shiga zai tambaye ka lambobi huɗun ƙarshe na wayarka. Ka nuna masa a rubuce. A lokacin da babu rububi takan ɗan fi tasi sauƙi. Da zarar ruwa ya sauko, kuma Guangzhou daga Afrilu zuwa Satumba ruwa ba ya wasa, ko an tashi daga baje koli da yamma, sai kuɗin ya hau, ka ga mutum ɗari a gabanka a layi. A irin wannan lokacin metro ya fi komai. Wanda kuma ya tare ka a ƙofar fita yana "taksi, taksi" alhali ga layin tasi can, ka wuce shi. Na taɓa bin wani, muka yi ciniki da yatsu, da muka isa sai ya ce yatsun nan kuɗin mutum ɗaya ne, akwati ma da nasa.

Ko da wanne za ka yi, ka karɓi katin otal ɗinka mai adireshi da rubutun Chaina ka sa a aljihu tare da fasfo. Kada ka dogara da taswirar Google, ba ta aiki yadda ka saba. Amap ko Baidu su ne na can.

Idan ka gama saye, maganar ta koma ta mota mai ɗaukar kaya. Yawanci mai shago shi zai aika kayanka sito ɗin kamfanin da zai yi maka jigila, ka ba shi adireshi da alamar da za a rubuta a jikin katan. Wannan ya fi sauƙi, kuma ka sa shi cikin ciniki tun farko, kada sai an gama a ce maka kuɗin kaiwa daban. Idan kuwa tsintar kaya ka yi shago-shago, akwai Huolala, manhajar kiran ƙananan motocin kaya. Da Sinanci take, don haka ka roƙi mai shagon ƙarshe ko tafintanka ya kira maka, kuma a yi maganar ɗaukowa da saukewa, don kuɗin mota daban, na ɗan dako daban. Kada ka kira Didi ka fito mata da katan shida. Direban zai soke ya tafi, kuma da gaskiyarsa.

Fita wajen gari nan ne Chaina ke ba mutum mamaki. Mai neman tayil ko kujeru Foshan zai je, kuma metro na Guangfo, wanda aka buɗe a 2010, yana kai mutum can da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, sai ya ƙarasa Lecong da Didi. Mai neman waya da kayanta, irin 'yan Farm Centre, Huaqiangbei ta Shenzhen zai nufa. Daga tashar Guangzhou South jirgin ƙasa mai gudu yana kai ka Shenzhen North cikin kusan rabin awa, a kan kimanin yuan 75. Sai dai ita kanta Guangzhou South ɗin tana can Panyu, daga Sanyuanli sai ka yi fiye da rabin awa a Layi na 2 kafin ka gan ta. Shi ya sa wasu suka fi son jirgin da ke tashi daga Guangzhou East zuwa tashar Shenzhen da ke unguwar Luohu: ya fi jinkiri, awa ɗaya da wani abu, amma ita Guangzhou East ɗin tana tsakiyar gari. Ka duba sunan tasha a tikitinka sau biyu, don a Disambar 2023 an ƙara buɗe wata babba mai suna Guangzhou Baiyun, kuma ba ita ce filin jirgin sama ba duk da sunan ɗaya ne. Tikiti da fasfo ake yanka shi, ta manhajar 12306 ko Trip.com, ana fara sayarwa kwana 15 kafin tafiya, kuma fasfon ne tikitinka a ƙofa. Yiwu ma jirgin ƙasa na zuwa, amma tafiyar yini ce, ka gwada kuɗinsa da na jirgin sama kafin ka yanke.

Za ka riƙa jin labarin sababbin abubuwa. Layi na 18 da aka buɗe a 2021 yana gudun kilomita 160 a awa zuwa Nansha, a can kuma akwai tasi marar direba ta kamfanin Pony.ai. Kallo ne mai daɗi, amma bai shafi cinikinka ba. Wanda ya shafe ka shi ne Layi na 11 da aka buɗe a ƙarshen Disambar 2024, mai kewaya tsakiyar gari kamar zobe, don yana rage wa mutum bi ta Tiyu Xilu.

Ranar Juma'a ka fita da wuri. Masallacin Xianxian, inda al'adar Musulmin can ke cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ko da yake malaman tarihinmu sun ce a Baƙi'a aka binne shi, yana kusa da tashar Yuexiu Park a Layi na 2. Tsohon masallacin Huaisheng kuma ana sauka masa a Ximenkou, Layi na 1. Bayan sallah a Xianxian kowa waya a hannu yana kiran mota a lokaci ɗaya, titi ya cushe. Ka taka zuwa metro.

Ƙanen nawa ya ce a tsakiyar Oktoba zai tafi, daidai buɗe baje koli. Na ce ya kama otal kusa da bakin tasha ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta, kada kuma ya kuskura ya matso da tafiyar zuwa makon farko na watan, don hutun ƙasa suke yi daga 1 ga Oktoba, tikitin jirgin ƙasa ƙarewa yake tun ranar da aka fitar da shi. Ya ce to, sannan ya tambaye ni ko za a bar shi ya shiga metro da buhun garin kunu.