Koyon wasan karta na birij: littafi, manhaja ko malami?

Wanda ya yi niyyar koyon birij yakan fara da tambayar abin da zai saya, alhali akwai tambayar da ta riga wannan, wato da su wa zai riƙa wasa. Dalili kuwa shi ne birij wasa ne na mutum huɗu, biyu suna haɗa kai a kan biyu, ana raba musu karta 52 kowa ya sami 13, kuma kafin a jefa ko ɗaya sai an yi tayi, inda kowane ɓangare yake faɗin yawan zagayen da ya ɗauki alkawarin ci. Wannan tayin yare ne tsakanin abokan wasa, kuma yaren ba ɗaya ba ne a duniya.

A Ingila an fi bin tsarin Acol, wanda ya samo sunansa daga wani titi na birnin Landan inda aka ƙirƙiro shi a shekarun 1930, a Amurka kuma akwai nasu tsarin, na Faransa ma yana kusa da na Amurka. Dukansu suna auna ƙarfin hannu, wato kartar da aka raba wa mutum, da lissafi guda: as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimilla maki 40 a cikin kartar gaba ɗaya. Amma idan ɗan Acol ya buɗe da tayin mataki na ɗaya wanda babu kala mai yanka, wato babu kalar da aka zaɓa ta rinjayi sauran, yana nufin yana riƙe da maki 12 zuwa 14, shi kuwa mai bin tsarin Amurka maki 15 zuwa 17 yake nufi da wannan tayin. Haka nan ɗan Acol yana iya buɗewa da kalar zuciya ko ta kan mashi da karta huɗu kacal, na Amurka da na Faransa kuwa sai da biyar. Saboda haka wanda ya sayi littafin Ingila ya haddace, sannan ya zauna da abokin da ya koya daga littafin Amurka, za su yi ta magana ne ba tare da ɗaya ya fahimci ɗaya ba.

Littafi shi ne mafi arha idan aka duba daɗewarsa, domin sau ɗaya ake biya, ba ya cin data, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta. Kafin a biya kuɗi, a duba bango ko gabatarwa a ga wane tsari yake koyarwa, sannan a buɗe tsakiya a tabbatar akwai hannuwan gwaji tare da amsoshinsu. A yi hattara da tsofaffin littattafan gwanjo, musamman na Amurka na zamanin Charles Goren, shahararren marubucin birij, domin suna koyar da buɗewa da karta huɗu, abin da yawancin 'yan wasan ƙasar suka bari tuni, ko da yake babin da ya shafi sarrafa karta bayan tayi yana nan da amfaninsa. Raunin littafi shi ne ba ya mayar da martani idan mai karatu ya yi kuskure.

A nan ne manhaja ta fi shi. Bridge Base Online, wadda ta fara aiki a shekarar 2001, tana bari a yi rajista a yi wasa da mutane kyauta, sannan a iya zama a kalli ƙwararru suna wasa, wanda a ganina shi ne mafi amfanin abin da ke cikinta ga sabon shiga. Sai dai kwamfutocinta da ake wasa da su wani reshe ne na tsarin Amurka suke bi, kuma baƙin da ake haɗuwa da su a teburi ba kullum suke da haƙuri da mai jinkiri ba. Funbridge ta kamfanin Faransa ce, ana wasa da kwamfuta ba tare da wani yana jira ba, sannan a gwada sakamakon mutum da na wasu da suka buga hannu iri ɗaya, amma bayan 'yan hannuwan kyauta sai an biya. Ga mai karatu a Nijar ko Kamaru wanda Faransanci ya fi masa sauƙi, ita ce ta fi dacewa.

Malami ko kulob ya fi duka saurin kai mutum ga iyawa, kuma ya fi tsada, sannan ba kowane gari ake samunsa ba. Idan an samu, tsarin da ake bi a wurin shi ne zai yanke hukuncin littafin da za a saya.

Shawarata ga abokai huɗu da suke farawa tare ita ce su jinkirta tayin gaba ɗaya, su fara da ƙaramin birij da ake kira Minibridge, inda kowa yake faɗin makinsa a fili, ɓangaren da ya fi yawa ya ɗauki wasan, ɗaya daga cikinsu ya buga, abokinsa ya shimfiɗa kartarsa kowa yana gani kamar yadda ake yi a cikakken birij. Wannan ba ya buƙatar komai sai karta, kuma a nan ma akwai tarko a kasuwannin Nijeriya: kartar Whot mai da'ira da tauraro da kuros ba ta yin birij, sai an nemi mai kala huɗu, kowace kala da karta 13, a cire joka a ajiye gefe. Gara a sayi kwali biyu masu bayan da ya bambanta, domin a riƙa cakuɗa ɗaya yayin da ake raba ɗayan, kuma ta roba ta fi ta takarda jure zufar hannu. Akwatin tayi, wanda ake zaro katin tayi daga ciki maimakon faɗa da baki, da allunan gasa, masu ajiye kowane hannu yadda aka raba shi, na 'yan kulob ne, ba a buƙatar su a teburin gida sai ranar da aka tara teburi biyu ana son gwada sakamako.