GIF: "gif" ko "jif"?

An sha tambayata yadda ake furta sunan hotunan nan masu motsi da ake turawa a WhatsApp. Turawan ma kansu har yau ba su daidaita ba.

Ta fuskar asali, "jif" ke gaba. Steve Wilhite, wanda ya ƙirƙiro tsarin a kamfanin CompuServe na Amurka a 1987, ya jaddada a bikin lambar yabo ta Webby a 2013 cewa "jif" ne. Masu "gif" kuwa cewa suke harafin G na GIF daga kalmar Graphics ya fito. Hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin P na JPEG (wani tsarin hotuna) daga Photographic yake, amma Bature bai furta shi F (mu dai da P da F duk ɗaya ne a bakinmu).

Wajen sauƙi, "gif" ya yi zarra: haka ido ke karanta shi, musamman ga Bahaushe da G ɗinsa ba ya komawa J. Barack Obama ma "gif" ya zaɓa a 2014. Ƙamusun Oxford ya amince da duka biyun.

Mai son girmama wanda ya raɗa sunan, kuma bai gajiya da musu, ya riƙe "jif". Mai son a gane shi nan take ya ce "gif".