Gargaɗi: mai gyaran jirgin faiba da ke yawo a Kaduna, fenti yake shafawa a kan ruɓa

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Kaduna da ƙauyukan bakin ruwa yana cewa shi injiniyan jiragen ruwa ne, wai ya yi shekaru yana aiki a Legas da Fatakwal. Ya karɓi naira 640,000 a hannuna don gyaran gindin sandar da ke ɗauke da filafilan jirginmu, kuma aikin da ya yi saura ƙiris ya hallaka ɗan ƙanwata. Ba zan kama suna ba, don maganar tana hannun 'yan sanda, kuma sunan da ya ba ni ba shi ne a kan asusun da na tura kuɗin ba. Yadda yake aikinsa zan faɗa dalla-dalla, saboda ba ni kaɗai ya nufa ba. Masu jirgin inji, masu tankin ruwa na faiba, masu kiwon kifi, duk yana bin su da magana iri ɗaya.

Jirgin namu tsoho ne, mai filafilai, wanda iska ke turawa, tsawonsa ƙafa 22. Kawunmu, Allah ya jiƙansa, ya saye shi a hannun wani Bature da suka yi aiki tare a masaƙa a Kakuri lokacin da zai koma ƙasarsu. Tun muna yara yake kai mu tafkin Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, a can na koyi riƙe igiya. Da ya rasu jirgin ya dawo hannuna, ya yi shekaru a kan tirela, rana ta buga, damina ta buga.

Bara na lura da abubuwa uku. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe sandar daga gefe da gefe suna saki, in na ɗaure yau, bayan fita ɗaya ko biyu sun sake sakwarkwacewa. Ƙofar ƙaramin ɗakin jirgin ta fara cijewa. Sannan ga ƙananan tsaga kamar saƙar gizo-gizo kewaye da farantin da sandar ke zaune a kai, in an yi ruwa har 'yar kwatarniya ke taruwa a wurin.

Sai na ɗan yi bayani a nan, don wanda bai san yadda wurin yake ba shi ne abincin irin wannan mutumin. A jirage irin namu sandar ba ta sauka har ƙasan jirgi, a kan rufin ɗaki take zaune, bisa wani faranti na alminiyam. Rufin kuwa hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, katako a tsakiya, ko filawud ko wani ice mara nauyi da ake kira balsa. A cikin ɗakin, daidai ƙarƙashin farantin, akwai ginshiƙi da ke ɗaukar nauyin ya kai shi ga ƙashin bayan jirgin. Duk ƙarfin da wayoyin nan ke ja, da duk abin da iska ke yi wa filafili, ƙasa yake danna sandar, a kan wuri da bai fi faɗin faifai ba. Ruwa yana samun hanya ta ramukan noti da ramin wayar fitila idan abin liƙin ya tsufa. Ya shiga katakon tsakiya, ba shi da hanyar fita, sai katakon ya ruɓe a ɓoye alhali saman yana sheƙi. Rufin ya lotsa, sanda ta nutse kaɗan, wayoyi su saki. Kai kuma ka ƙara ɗaurewa, ka ƙara danna ta cikin ruɓa.

A Facebook na ga tallarsa. Hotuna ne masu kyau na jirage a bakin teku, ana buɗe rufi ana sa sabon katako. Daga baya wani yaro a gidanmu ya bi sawun hotunan a intanet, ya same su a shafukan masu gyaran jirgi na Ingila da Amurka, an yanke gefen da sunan mai su yake. Na kira shi, washegari ya iso da hula ta kwano da jakar kayan aiki. Bakinsa da zaƙi, kuma ya san sunayen abubuwa. Ya zagaya jirgin, ya ɗora hannu a kan farantin ya ce, "Alhaji, wannan ƙaramin aiki ne. Ba sai mun wahalar da kai da sauke sanda ba. Akwai magani na waje da muke ɗurawa da sirinji, ya bi cikin katakon ya mai da shi dutse."

Wannan maganar ku riƙe ta, ita ce alamarsa ta farko. Duk wanda ya ce zai gyara gindin sanda tana tsaye da nauyinta a kai, ba gyara zai yi ba. Sauke sandar jirgi irin namu aikin mutum uku ne da igiya, bai kai awa ɗaya ba. Abin da ya sa ba ya son a sauke, in an sauke an cire faranti, mai jirgi zai ga abin da ke ƙasa da idonsa.

Ya nemi kafin alƙalami na 400,000, wai kayan daga Legas za a ɗoro su, dala ta tashi. Asusun da ya ba ni sunan mace ne, ya ce na matarsa ne, nasa ya samu matsala. Bayan kwana 4 ya kawo jarkoki biyu ba takarda ba tambari, da 'yar kwalba ƙarama. Ya ce ifoksi ne na jirgin ruwa, wato wani danƙon liƙi mai ƙarfi, an raba daga babban duro shi ya sa ba ya cikin gwangwaninsa. Ya kuma ce in bar shi da yaronsa, warin ba shi da kyau ga mai shekaru. Kwana biyu ya kira ni. Wurin ya yi fari tas, lotsawar ta ɓace, an zagaye farantin da wani farin danƙo. Na cika masa 240,000, na yi masa godiya, har na ba wani abokina lambarsa. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna.

Wannan a watan Fabrairu ne, sararin sama ba ko ɗigo. A watan Mayu, bayan ruwa ya sauka sau uku ko huɗu, muka fita da ɗan ƙanwata mai shekara 14. Iskar gaban hadari ta taso, irin wadda duk ɗan Kaduna ya sani a farkon damina. Ina ƙoƙarin rage filafili sai na ji ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Yaron ya ce, "Kawu, sandar tana rawa!" Kafin ya rufe baki gindinta ya goce daga wurinsa, ta kifo ta gefen da yake zaune. Ta daki bakin jirgi, tazarar da ke tsakaninta da kansa ba ta kai kamu ɗaya ba. Waya ta yanke shi a kafaɗa, an yi masa ɗinki 6. Masunta biyu ne suka jawo mu gaɓa da kwalekwalensu, Allah ya saka musu. Lambar injiniya tun ranar a kashe take.

Na je Panteka na nemo wani dattijo da ya daɗe yana aikin faiba, tankuna da jikin mota. Bai taɓa hawa jirgi mai filafili ba, kuma bai ɓoye mini ba. Da ya zo bai ce komai ba, sai ya juya sukundireba ya riƙa ƙwanƙwasa rufin da ƙotarta. Nesa da farantin sautin yana fita ƙwal-ƙwal, da ya matso sai ya koma dum-dum kamar kankanar da ta lalace. Ya huda ƙaramin rami, abin da ya biyo bakin injin baƙi ne jiƙe sharkaf, yana wari. Ya ce, "Alhaji, ko taɓa cikin nan ba a yi ba."

Da muka sa giranda muka buɗe, ga abin da muka tarar. Lotsawar an cike ta da fila, irin wadda masu gyaran jikin mota ke shafawa, kaurinta ya kai yatsa biyu. Fila ba ta ɗaukar nauyi, tana kuma shan ruwa, to ta farfashe kamar ƙanzo. Abin da injiniyan ya ɗura da sirinji ya daskare guntu-guntu a cikin jiƙaƙƙen katako, bai kama komai ba. Dogayen notukan asali da ke ratsa rufin har ciki ya cire su ya tafi da su, ya sa gajerun sukurori na kafinta da ba su riƙe komai ba sai filar. Farin danƙon kuma silikon ne na bayi. Ginshiƙin ciki ko kallonsa bai yi ba, gindinsa da ke zaune inda ruwa ke kwanciya ya ruɓe, yatsa yana shiga.

Ragowar jarkar da injiniyan ya bari, Baba, wato dattijon nan, ya shinshina sau ɗaya ya ce foliyesta ce, wadda suke aiki da ita kullum. Ga yadda za ku bambance, ba sai kun yi karatu ba. Foliyesta warinta yana hawa kai tun daga nesa, kuma maganin daskarar da ita 'yan ɗigo ne, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, shi ya sa yake zuwa a ƙaramar kwalba. Ifoksi warinsa kaɗan ne, ruwa biyu ne da ake aunawa, kamar Araldite da kuka sani. Na kamfanin West System, misali, awo 5 ne na ɗaya da awo 1 na ɗayan. Foliyesta ba abin banza ba ce, da ita aka ƙera jikin yawancin jiragen nan tun asali. Amma wajen liƙa sabon katako a tsohuwar faiba ifoksi ya fi ta kamu nesa ba kusa ba, ya kuma fi ta tsada sosai, a nan ne ya ci ribarsa. Ko ifoksin gaske ne, ba ya kama jiƙaƙƙen ice. Babu wani ruwa da za a ɗura wa ruɓa ta koma dutse.

Noti kuma ku gwada shi da mayen ƙarfe. Na jirgi sitenles ne, sau da yawa za ka ga A2 ko A4 a kansa, mayen ƙarfe ba ya kama shi sosai. Sukurorin mutumin nan tsalle suka yi suka manne.

Gyaran gaskiya ya ci mu mako 5, yawanci jiran bushewa ne a ƙarƙashin rumfa. An yanke fatar sama, an kwashe ruɓaɓɓen katako har aka kai inda yake fari mai ƙarfi. Daidai ƙarƙashin faranti ba mu mai da katako ba, faiba zalla aka jera hawa-hawa, don ko ruwa ya sake shiga ba abin da zai ruɓe. Bakin tsohuwar faiba an goge shi a kwance, faɗin gangaren ya ninka kaurin sau 12, don sabuwa ta samu wurin kamawa. Kowane ramin noti an faɗaɗa shi, an cika da ifoksi mai kauri, ya daskare, sannan aka sake huda daidai girman notin, ta yadda ruwa ba zai taɓa ganin katako ba. An yanke gindin ginshiƙi an sa sabo. Farantin an zaunar da shi a kan Sikaflex na jirgin ruwa, wani danƙo mai hana ruwa shiga. Wurin da silikon ya taɓa kuwa sai da aka kankare aka bi da samfefa sosai, don inda ya zauna ba fenti ba danƙo da ke ƙara kamawa. Baba yana kwaɓa ifoksin kaɗan-kaɗan da sassafe, saboda a zafin rana in ka kwaɓa da yawa a kofi ɗaya yana ɗaukar zafi ya daskare a hannunka. Duk matakin da aka kai sai ya kira ni in gani kafin a rufe. Kuɗin hannunsa da na kaya gaba ɗaya bai kai abin da wancan ya karɓa ba.

Abokin da na ba lambar, tankinsa na ruwa aka yi wa irin wannan shafen, ya tsage a sati na uku. A caji ofis muka haɗu da mutum na uku, mai jirgin inji da ke ɗaukar mutane da buhuna a wajen Shiroro. Shi katakon bayan jirgi, inda inji ke rataye, aka shafe masa da fila da fenti. Wannan ya fi tayar mini da hankali, don ranar kasuwa mata da yara ne cike da jirginsa.

In ya zo muku, ko wani mai irin maganarsa, kada ku tura kuɗi a asusun da ba sunansa ba. Ku sayi kayan da kanku a cikin gwangwaninsu a rufe, ku tsaya a kan aikin, ku ce sai an buɗe kun ga ciki kafin a shafa komai. Wanda kuma ya riga ya yi wa aiki, don Allah kada ka sa jirgin a ruwa sai ka ƙwanƙwasa wurin ka huda ka ga abin da zai fito. Ka ajiye shaidar tura kuɗin da saƙonnin WhatsApp, ka kai caji ofis mafi kusa da kai. Mu uku ne zuwa yanzu, kuma asusun da muka tura wa kuɗi guda ɗaya ne.